Allurar 'Yar Shekara 9, Cutar 'Yar Shekara 40

Uwargida da ke gindin murhu, sannu da aiki. Maigida da ke shago ko a kan hanya, Allah ya ba da sa'a. Ga mu kuma a shirinmu na kiwon lafiya.

Yau da tambaya zan fara, kuma ba tawa ba ce. Ta iyaye ce. Yarinya ta dawo daga makaranta da takarda a hannu. Ta ce, "Umma, an ce gobe za a yi mana allura." Uwa ta ce, "Allurar me?" Ta ce, "Wai ta sankarar bakin mahaifa." Sai uwa ta riƙe haɓa. Yarinyar da ko ƙirgen dangi ba ta fara ba, ina ita ina ciwon mahaifa?

Wannan uwa tana da gaskiyar tambaya. Amsarta ce za ta ci mana shirin yau. Za mu fara da ƙwayar cutar. Daga nan mu zo kan allurar. Sannan mu taɓa maganganun da ake yi a gari. A ƙarshe zan juyo kanku iyaye mata, domin ku ma akwai naku.

To, bismillah. Mu fara da ƙwayar cutar.

Kafin komai, mu raba kalmomi biyu da ke rikita kunne. Akwai sanƙarau, ciwon da ke zuwa da zafin bazara ya sandarar da wuya. Ba shi muke nufi ba. Muna maganar sankara ne, wadda wasu ke kira ciwon daji, wasu kuma kansa. Bakin mahaifa kuwa shi ne ƙofar mahaifa ta ƙasa. Shi ne ungozoma ke dubawa ranar naƙuda ta ce ya buɗe ko bai buɗe ba. A wannan ƙofar ciwon yake tsirowa.

Yawancin ciwon daji, likita ba zai iya nuna maka abu ɗaya ya ce shi ne sanadi ba. Wannan kuwa an san sanadinsa. Kusan dukkan sankarar bakin mahaifa wata ƙwayar cuta ce ke jawo ta. Likitoci na kiranta HPV. Ku riƙe haruffan nan uku: HPV. Wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Jamus, Harald zur Hausen, shi da abokan aikinsa suka gano ta cikin naman sankarar a shekarun 1983 da 1984. A kan wannan aiki aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2008.

HPV dangi ne babba. Sun haura iri 200, kowanne da lambarsa. Yawancinsu ba su da wata ɓarna. Wasu 'yan tsiro kawai suke fitarwa a fata, a hannu ko a ƙafa ko a al'aura. Amma kamar kowane dangi, akwai 'yan ta'adda a ciki. Kusan 14 ne ke iya kaiwa ga sankara. Cikinsu kuma biyu ne gagarau: mai lamba 16 da mai lamba 18. Waɗannan biyun kaɗai ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa a duniya. Ke nan cikin mata 10 masu ciwon, 7 aikinsu ne.

Yaya ake ɗaukarta? Ta hanyar saduwa, fata ta taɓa fata. Ba a ɗaukarta don an ci tuwo a kwano ɗaya. Ba a ɗaukarta a moɗar randa. Ba kuma ta hanyar gaisawa ba.

A nan zan ɗan dakata, domin a nan ake yi wa mata rashin adalci. Da an ji kalmar saduwa, sai zuciya ta tafi ga zargi. Don Allah ku saurara da kyau. Wannan ƙwaya ta fi kowace cuta irinta yaɗuwa a duniya. Kusan duk wanda ya taɓa saduwa, namiji ko mace, zai gamu da ita a wani lokaci na rayuwarsa. Namiji na iya ɗauke da ita shekara da shekaru bai sani ba. Ba ƙurji, ba zafi, ba komai. Mace na iya zuwa gidan miji da budurcinta, ta zauna shekara talatin ba ta san kowa ba sai shi, kuma ta samu. Mu dubi yadda rayuwarmu take. Mutum ya rabu da mata ya auri wata. Bazawara ta sake aure. Gida ɗaya mata biyu ko uku. Duk halal ne, babu wanda ya yi laifi. Amma ƙwayar cuta ba ta tambayar ko an ɗaura aure. Ga shi kuma takan kwanta shiru na tsawon shekaru, ta yadda babu likitan da zai iya cewa daga wane aka samo ta, ko yaushe. Saboda haka idan an ce an ga HPV a jikin mace, wannan ba shaida ba ce a kan mutuncinta. Zan maimaita. Ba shaida ba ce a kan mutuncinta, ba kuma dalilin tuhumar mijinta ba ne.

Ga labari mai daɗi. Allah ya yi wa jikin ɗan Adam garkuwa. Cikin mutum 10 da suka ɗauki ƙwayar, kusan 9 jikinsu zai kore ta da kansa cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Ba magani, ba asibiti, ba su ma san ta zo ba.

Matsalar tana ga sauran, waɗanda ƙwayar ta samu wurin zama a jikinsu. Kun san gara a cikin azara. Daga waje ɗaki lafiya lau, an share, an yi shafe. A ciki kuwa gara na ci a hankali. Ba ƙara, ba alama. Sai wata damina rufi ya rufto. Haka wannan ƙwaya take yi a bakin mahaifa. Tana canza ƙananan ƙwayoyin halittar wurin sannu-sannu. Kafin abin ya zama sankara, yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Idan garkuwar jiki ta yi rauni, kamar ga mai ɗauke da cutar ƙanjamau da ba ta shan magani, shekara 5 zuwa 10 ta isa. Masu ɗauke da ƙanjamau sun fi sauran mata haɗarin kamuwa da wannan sankara har ninki shida.

Ku yi lissafin da kanku. Matar da aka kwantar a asibiti tana da shekara 40, gara ta shiga azararta tun tana amarya.

Kuma ba ƙaramin ciwo ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata kusan 660,000 ne suka kamu a duniya, kusan 350,000 suka rasu. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mamatan a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi suke. A Najeriya kaɗai, a shekarar 2020, an ƙiyasta sababbin masu ciwon kusan 12,000, waɗanda suka rasu kusan 8,000. Raba 8,000 ga kwanakin shekara. Mata 22 ke nan a kowace rana. Cikin bas ɗin haya guda, har da ragowa, kullum ta Allah. Kuma ba tsofaffi tukuf ba. Mata ne masu 'ya'ya a gabansu, masu riƙe da gida.

Wannan ke nan game da ƙwayar. Masu sauraro, yanzu mu shiga kashi na biyu, wato allurar.

Me ke cikinta? Ku ɗauki kwanson gyaɗa wanda babu ƙwaya a ciki. Daga waje gyaɗa ce sak. Amma ko ka shuka shi ba zai tsiro ba. Abin da masana suka yi ke nan. Sun ƙera kwanson ƙwayar HPV, babu cikin. Irin wadda ake yi wa yaranmu, da taimakon yis ake haɗa kwanson, dangin wanda ake sa wa burodi da fanke. Idan aka sa shi a damtse, sojojin jiki sai su taso, su duba shi, su haddace kamanninsa. Kamar a nuna wa 'yan sintirin unguwa hoton ɓarawo tun bai zo ba. Ranar da ta gaskiyar ta iso, ko bayan shekaru ne, a bakin ƙofa za a tare ta. Tunda kwanso ne kawai, allurar ba ta iya sa wa mutum cutar.

Amma ga inda ƙarfinta ya tsaya. Allurar tana hana ƙwayar shiga ne. Ba ta fitar da wadda ta riga ta shiga. Ba ta warkar da sankara. Rigakafi ce, ba magani ba.

To, uwar da ta riƙe haɓa, ga amsarki. Ana yi wa yarinya tun tana ƙarama ne saboda a riga ƙwayar isowa. Mai hankali a rani yake yaɓen soronsa. Ba ya jira sai hadari ya haɗo. Dalili na biyu kuma, an auna an gani cewa jikin yarinya 'yar 9 zuwa 14 ya fi na babbar mace karɓar allurar, garkuwar da yake haɗawa ta fi ƙarfi. Shi ya sa aka zaɓi waɗannan shekaru. Daga 9 zuwa 14. Mu kuma da muke aurar da 'ya'ya da wuri a wurare da dama, mun fi kowa buƙatar kada mu yi jinkiri. Kafin a fara tara kayan ɗaki, a fara da wannan.

Allurar ba sabuwa ba ce. An fara amincewa da ita a Amurka a 2006. Ostareliya ta soma yi wa 'yan matanta a makarantu a 2007. A nan Afirka, Ruwanda ce ta buɗe hanya a 2011, kuma a shekarar farko ta kai ga fiye da kashi 90 cikin 100 na 'yan matan da ta nufa. Najeriya sai a ranar 24 ga Oktoban 2023 ta shigar da ita cikin jerin alluran rigakafi na ƙasa. Zagayen farko ya haɗa da Kano da Jigawa da Bauchi da Abuja da wasu jihohi, da niyyar kaiwa ga 'yan mata miliyan 7.7. Sauran jihohin suka biyo baya a watan Mayun 2024. Kyauta ake yi. Kuma sau ɗaya ake yi.

Wani zai ce, da can ba sau biyu ko uku ake yi ba? Haka ne. Amma bincike, ciki har da wanda aka yi a kan 'yan mata a Kenya, ya nuna allura ɗaya na ba da kariya mai ƙarfi ƙwarai. A kan haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allura ɗaya a 2022. Sai dai yarinyar da ke da raunin garkuwar jiki, kamar mai ɗauke da ƙanjamau, ita tana buƙatar aƙalla biyu, in da hali uku. A gaya wa ma'aikaciyar lafiya, za ta tsara.

Shin tana aiki kuwa? Ƙasashen da suka riga mu sun ga sakamako. A Ingila, an bi sawun matan da aka yi wa allurar suna 'yan shekara 12 zuwa 13. Rahoton da ya fito a 2021 ya nuna sankarar bakin mahaifa ta ragu a cikinsu da kashi 87 cikin 100. A Suwidin an duba bayanan mata kusan miliyan 1.7. Waɗanda aka yi wa kafin su kai shekara 17, haɗarinsu ya ragu da kusan kashi 88 cikin 100. Waɗanda aka yi wa a makare sun amfana, amma ba kamar na farkon ba. Kun ji ko? Ko a can, wadda aka yi wa da wuri ita ta fi tsira.

Yanzu kashi na uku. Maganganun gari.

Ba zan raina tsoron kowa ba, domin tsoron yana da tarihi. Mutanen Kano ba su manta 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200, aka shafe shekaru ana shari'a a kai. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma mu tuna da ɗaya ɓangaren. A 2003 an dakatar da allurar shan inna a wasu jihohin Arewa saboda jita-jitar hana haihuwa. Me ya biyo baya? Cutar ta ƙaru, ta tsallaka zuwa wasu ƙasashe, yara suka shanye. Da aka dawo aka rungumi allurar, da taimakon sarakuna da malamai, a 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Yaran da aka ɗiga wa maganin a wancan lokaci, yau ga su nan da 'ya'yansu a baya.

Maganar hana haihuwar ce dai ta dawo a kan wannan allura. An yi ɗaruruwan miliyoyin allurar HPV a duniya tun 2006. Kwamitocin da ke sa ido kan lafiyar alluran rigakafi sun duba wannan zargi musamman, ba su ga alaƙa tsakaninta da rashin haihuwa ba. Ni a ganina ma an juya maganar ne. Abin da ke raba mace da haihuwa shi ne ciwon kansa. Idan sankara ta kama, sau da yawa sai an cire mahaifar gaba ɗaya, ko a gasa wurin da na'ura. Wanda ke son ganin jikoki, allurar tana ɓangarensa.

Wasu na cewa, me ya sa kyauta? Ai Bature ba ya ba da abu a banza. Amsar ita ce ba a banza ba ne, biya ake yi. Gwamnati da ƙawancen samar da alluran rigakafi na duniya, wato Gavi, su ke ɗaukar nauyin. Kamar dai allurar ƙyanda da ta tarin fuka da ake yi wa jarirai. Kafin 2023, mai kuɗi ne kawai ke zuwa asibitin kuɗi ya saya wa 'yarsa da tsada.

Me ya sa mata kaɗai? Saboda su ciwon ya fi kashewa, allurar kuma ba ta wadata ba, sai aka fara da inda wuta ta fi ci. Amma ƙwayar na taɓa maza. Tana jawo sankarar maƙogwaro da ta dubura da ta mazakuta. Ostareliya da Birtaniya har yara maza suke yi wa.

Akwai kuma masu fargabar cewa allurar za ta buɗe wa yarinya ido. Jama'a, allura a damtse ba ta koyar da tarbiyya, ba ta kuma rushe ta. Tarbiyya tana hannunku. Mun kuma riga mun faɗa, ko a ɗakin aure ƙwayar na iya samun mace.

Abin da za ku iya gani bayan allurar kaɗan ne. Damtse ya yi tsami ko ya ɗan kumbura. Wata ta yi ɗan zazzaɓi ko ciwon kai na kwana ɗaya ko biyu. Wata kan ji jiri, har ta sulale, yawanci saboda tsoron allura. Shi ya sa ake so yarinya ta zauna minti 15 kafin ta tashi. Ku ba ta abin kari kafin ta fita. In kun ga abin da ya wuce haka, ku mayar da ita asibiti.

To, iyaye mata, kashi na ƙarshe naku ne. Ki ajiye muciyar nan ki saurare ni.

Ke da kika wuce shekarun allura, ba a bar ki a baya ba. Naki shi ne gwaji. Ku tuna garar nan tana ɗaukar shekara 15 zuwa 20. Wannan jinkirin rahama ne. A tsawon shekarun, ma'aikaciyar lafiya na iya duba bakin mahaifa ta ga inda ya fara canzawa tun bai zama sankara ba. Akwai gwajin da ake shafa ruwan khal, wato ruwan tsamin nan, wurin da ya lalace sai ya yi fari. Akwai wanda ake lakato ɗan abu da auduga a kai ɗakin gwaji a nemi ƙwayar kanta. Minti kaɗan ne. Idan an ga wurin, ana iya ƙone shi da ɗan ƙarfe mai zafi ko a daskarar da shi, ki koma gida a ranar. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mace ta fara gwaji daga shekara 30. Mai ɗauke da ƙanjamau daga 25. In ma ba a samu yi a kai a kai ba, a yi ƙoƙari sau biyu a rayuwa: a shekara 35, a sake a 45. Yarinyar da aka yi wa allura ma, in ta girma za ta yi gwajin, domin allurar ba ta rufe dukkan dangin ƙwayar ba.

Ga kuma alamomin da ba a zama da su. Jini bayan saduwa. Jini tsakanin al'ada da al'ada. Jini bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya. Ruwa mai wari da ya ƙi jin magani. Ciwon mara ko na baya da ba ya tafiya. Zan sake faɗar na ukun, domin shi aka fi rainawa. Dattijuwar da al'adarta ta ɗauke shekaru, sai ta ga jini, ba al'ada ce ta dawo ba. A je asibiti.

Na san yadda abin yake tafiya a gidajenmu. Mace ta ga alama, ta ce sanyi ne. Ta aika kemis. Ta sha jiƙe-jiƙe. Ta yi turare don ɓoye warin. Kunya ta hana ta gaya wa ko da 'yarta. Wata shida, shekara guda. Sai ta kasa tashi sannan a nemo mota. A lokacin sai an dangana da manyan asibitoci a Zariya ko Sakkwato ko Abuja, a sayar da gona, a sayar da dabbobi, wani lokacin kuma a makare. Ba kowane jini ba ne sankara, sau da yawa wani abu ne mai sauƙi. Amma mai dubawa ne kaɗai zai bambance. In kunyar likita namiji ce, ki nemi mace ta duba ki. Haƙƙinki ne ki nema.

Maigida, kai ma ina da magana da kai. A gidaje da yawa, takardar nan da yarinya ta kawo, kai ake jira ka ce to. Matarka ma izininka da kuɗin motarka take jira. In kana da shakka, kada ka tsaya ga abin da aka turo maka a WhatsApp. Taka da ƙafarka zuwa asibitin sha-ka-tafi na unguwarku. Ka ce a nuna maka kwalbar. Ka yi duk tambayar da ke ranka.

Wadda ba ta zuwa makarantar boko ma tana da haƙƙi. 'Yar talla, 'yar islamiyya, 'yar riƙo, 'yar aikin da ke gidanki, duk ɗaya ne. Idan masu allura sun zo unguwa an wuce ta, a kai ta asibiti a tambaya.

Lokaci ya ƙure mana. Yau da daddare, in an gama cin tuwo, ku ƙirga 'yan matan gidanku masu shekara 9 zuwa 14. Ku tambayi kowacce ko an yi mata allurar HPV. Wadda ba a yi wa ba, gobe da safe a kama hannunta a kai ta. Uwar da ta raka ta kuma, kafin ta fito, ta tambayi inda ake gwajin bakin mahaifa.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.